Tayoyin da Shitu Ya Zaɓa

Akwai wani direba a ƙasar Kibiya mai suna Shitu, mutumin Unguwar Gai. A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, shi kaɗai ne mai mota a ƙauyensu. A-kori-kura ce fara, mai buɗaɗɗen baya, wadda ya saya bayan ya daɗe yana tuƙa wa wani Alhaji a birni.

Da ita ake zuwa kasuwar Rano, da ita ake zuwa Kibiya. Mai buhu, mai akuya, mai zuwa biki, mai kai jariri rigakafi, kowa motar Shitu yake jira. Idan ta wuce ka, sai dai ka taka da ƙafa ko ka nemi ɗan acaɓa.

Tuƙi kam Shitu ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan. Amma bakinsa ba shi da linzami. Tun da ya ga babu wata mota sai tasa, kansa ya kumbura. Idan fasinja ya ce ya rage gudu, sai ya ƙara wuta. Idan wani ya ce wurin zama ya yi masa kaɗan, sai ya ce, "Motar ubanka tana nan tafe, sauka ka jira ta."

Shitu yana da taubashi da ake kira Baballe, ɗan Gwaggo Talatu. Ita Gwaggo Talatu yayar marigayi mahaifin Shitu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk ranar kasuwar Rano tana cikin motar Shitu da gwangwanayenta.

Da can Shitu da Baballe wasa suke yi irin na taubasai, wannan ya tsokani wannan, a yi dariya a tashi. Zaɓe ne ya ɓata su. Shitu ya bi jam'iyya mai alamar lema, Baballe ya bi mai alamar masara. Wata rana a majalisar ƙofar masallaci, gardama ta yi zafi, sai Shitu ya ce, "Mutumin da ko keken kansa ba shi da shi, me ya sani game da gwamnati?"

Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya ji ba muryar wasa ba ce. Baballe ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Daga ranar gaisuwa ta yanke a tsakaninsu.

Bayan damina, tayoyin motar Shitu suka suɗe, zanensu ya goge sai ka ce tafin hannu. Kusan kullum sai an tsaya wajen mai faci. Ranar wata kasuwa, bayan ya sauke fasinjoji, ya nufi rumfar Ramalan mai sayar da taya a bakin tashar Rano. Gwaggo Talatu ta sayar da manta da wuri, don haka tana zaune a inuwar rumfar tana jiran a koma gida.

Ramalan ya mirgino wata taya ya tsayar a gabansa.

"Direba, ga daidai motarka. Dubi zanenta ƙanana ne, gefenta kuma da laushi. Tana shanye gargada, ba ta kuka a kan kwalta, sitiyari ma ba zai yi maka nauyi ba. Mai zirga-zirgar yau da gobe irinta yake sawa."

Shitu ya danna gefen tayar da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Wannan taya ce ko burodi?"

Idonsa ya faɗa kan wasu da aka jingine a lungu. Baƙaƙe ne ƙirin, masu kauri, da manyan haƙora kamar na kada. Ya buga ɗaya da ƙafa, ƙafar ce ta ji zafi.

"Waɗannan fa?"

"Waɗannan na ɗaukar kaya ne zalla," in ji Ramalan. "Motocin da ke jigilar dutse da siminti su ke sa su. Za su hau motarka, ba su da saurin suɗewa, ƙaya ba ta huda su. Amma fa dutse ne. Kai kuwa rabin lodinka mutane ne, za su ji a jikinsu."

"Mutanen ne za su saya mini tayar?"

Gwaggo Talatu ta gyara zama ta ce, "Shitu, ka saurari mutumin nan mana. Ko da tsofaffin nan ma, in mun isa gida sai na gasa bayana da ruwan zafi. Ka duba mana."

Shitu ya juyo ya dube ta sama da ƙasa, a gaban mutane.

"Gwaggo, ina ruwanki da taya? Ki tsaya a kan ƙuli-ƙulinki. Ranar da na zo koya miki matsar mai, ki koya mini mota."

Ramalan ɗan kasuwa ne, ya faɗi tasa sau ɗaya, bai maimaita ba. Aka ɗaura wa mota baƙaƙen tayoyin. Shitu ya tsaya a kan mai bugun iska yana cewa a ƙara, a ƙara, har sai da suka riƙa ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa.

Daga ranar lodin Shitu ya canja. Da ya ga mota ba ta durƙusawa, sai ya riƙa jibga buhuna har su wuce kan direba, maza su hau saman buhuna, su riƙe igiya. Mata kuwa sai ya tura su can wutsiyar mota.

"Ba ni na ce ba," yake cewa, "shari'a ce ta ce a raba maza da mata."

Jama'a, duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura ya san wutsiya ita ce wurin azaba. Nan mota take cilla mutum. Limamin ƙauyen ya kira shi gefe ya ce, "Malam Shitu, shari'a ta ce a raba, ba ta ce a wahalar ba. Ka mayar da su kusa da kan mota, ka sa buhunan a baya."

Shitu ya ce, "Allah gafarta Malam, kai da masallaci, ni da mota."

Hanyar Unguwar Gai burji ce mai gargada kafin a hau kwalta. Da sababbin tayoyin nan, duk ɗan dutsen da mota ta taka sai ya isa ƙashin bayan mutum. Haƙoran fasinja su riƙa haɗuwa. In an hau kwalta kuma sai tayoyin su kama gurnani, na kusa da kai ma ba ka jin maganarsa. Matan Fulani masu kai nono kasuwa suna isa da rabin ƙwarya, sauran ya ƙare a zannuwansu. Masu goyo suna sauka jarirai na tsala kuka.

Kowa ya yi ƙorafi a bayan idonsa. A gabansa kuwa shiru, don babu wata motar.

Wata safiya ana tafiya Rano, Shitu ya makara, yana ta zuba gudu. Akwai wani kwari a wajen wani rafi da ya ƙafe, inda kowane direba yake taka birki. Shi bai taka ba. Mota ta faɗa kwarin ta yi tsalle, wutsiya ta cilla Gwaggo Talatu sama, ta dawo ta bugi ƙarfen gefen mota da ƙugunta. Gwangwanin manta ya kife, ya malale a kan buhunan masara.

Mata suka yi salati suna buga jikin mota. Shitu ya tsaya, ya zagayo yana huci. Bai dubi tsohuwar ba, buhunan ya duba.

"Wa ya yi mini wannan ɓarnar? Masarar mutane ce fa! Me zan ce wa mai ita?"

"Shitu," in ji Gwaggo da ƙyar, "bayana. Ba na iya miƙewa."

"Kullum bayanki, kullum bayanki! In motata ce ke karya miki baya, sauka. Ku sauke ta!"

Wani dattijo daga saman buhuna ya ce, "Haba direba, gwaggonka ce fa."

"Kai ma in ka ƙara magana ka bi ta."

Aka kama Gwaggo Talatu aka kwantar a gindin wata ɗorawa, aka jera mata gwangwanayenta a gefe. Wata Bafulatana mai suna Ramlatu ce kaɗai ta sauko da ƙwaryarta ta ce ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai a daji ba. Mota ta tashi ta bar su da ƙura.

Sai da rana ta take sannan labari ya isa wa Baballe a gona. Da amalanken shanunsa ya zo ya ɗauki mahaifiyarsa.

A yammacin nan Baballe ya ɗauki taɓarya ya nufi gidan Shitu. Da ƙyar maza suka riƙe shi a ƙofar zaure. Shitu yana daga ciki yana cewa, "Ku sake shi! Ku sake shi ya shigo in yana jin shi namiji ne!"

Da gari ya waye Baballe ya ce kotu zai kai. Mahaifiyarsa tana kwance rub da ciki, an shafa mata magani, ta ce, "Ban yarda ba. Ba zan tsaya gaban alƙali da ɗan ƙanena ba."

"Inna, mutumin nan a daji ya yar da ke."

"Na sani, ai ni aka yar. Na ce ban yarda ba."

Ta daɗe a kwance. Da ta tashi kuma bayan bai koma daidai ba, a sunkuye take tafiya, da sanda. Shitu ko sannu bai zo ya yi ba. Matarsa Maijidda ce ta saci jiki ta kai kunu, da ya ji labari ya ce in ta sake taka gidan, kada ta dawo nasa.

Baballe ya rantse a gaban mutane cewa mahaifiyarsa ba za ta ƙara hawa motar Shitu ba, kuma ba za ta daina zuwa kasuwa ba. Ya sayar da shanun nomansa da gonarsa ta fadama. Ya je Kano ya dawo da wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Wani direban tarakta ya koya masa tuƙi a filin makaranta.

Da Shitu ya gan ta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan akwalar ce za ta ja da ni? Kaji za su samu akurki."

Tayoyin da motar ta zo da su duk sun mutu. Baballe ya je wurin Ramalan. Bai san komai game da taya ba, bai kuma yi kamar ya sani ba.

"Malam Ramalan, ni tambayata ɗaya ce. Wace taya ce tsohuwa mai ciwon baya za ta hau daga Unguwar Gai zuwa nan ba ta yi kuka ba?"

Ramalan ya mirgino masa irin wadda Shitu ya kira burodi.

"Amma in gaya maka gaskiya," in ji shi, "ba ta son lodin wuce kima, kuma za ta riga waccan suɗewa. Iska ma kada ka cika mata, ka tsaya inda na nuna maka."

"In ta suɗe a sayi wata. Bayan tsohuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Ɗaura."

Baballe ya shimfiɗa katako da buhunan ƙaiƙayi kusa da kan mota ya ce nan ne wurin mata. Kaya suna baya, maza a tsakiya. In mota ta cika ta cika, ko wa ya zo sai ya ce ya yi haƙuri. Gwaggo Talatu kuwa tana gaba kusa da shi.

Motar ba ta da gudu, tana hayaƙi, wani lokaci sai an tura. Amma Ramlatu ta isa Rano da ƙwaryarta cike, ta faɗa wa 'yan'uwanta. Kafin wata ya zagayo, mata duk sun koma motar Baballe. Tsofaffi suka bi. Daga baya har samari suka gwammace su jira sawu na biyu.

Abin ya ci wa Shitu rai. Ya riƙa tare hanya da motarsa a inda ta yi ƙunci, ya kashe, ya ce ta lalace. In ya wuce Baballe sai ya matse shi gefe har ya faɗa kunyar gona. Wata safiya aka tarar da ƙusoshi a ƙofar gidan Baballe, daidai inda yake ajiye mota. Babu wanda ya ga mai zubawa, babu kuma wanda ya yi tambaya. A tasha sau biyu 'yan kamasho suna shiga tsakaninsu.

Da fasinja ya ƙare masa, Shitu ya koma ɗaukar kaya zalla, yana ƙara tsayin lodi don ya cike gurbin. Maijidda ta ce, "Malam, lodin nan ya fara ba ni tsoro."

"Tayoyina ba su yi ƙorafi ba, sai ke?"

Da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwa da hantsi, Shitu yana lodin dawa a wata gona a bayan gari, tare da ƙanensa Alu wanda shi ma ya iya mota. An jera buhuna sun yi tsiri. Shitu ya hau can sama yana jan igiya da dukan ƙarfinsa, ya taka buhu ya jingina da baya. Igiya ta tsinke.

Ya faɗo a kan gefensa, a kan busasshiyar ƙasa. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin kamar an karya itace. Cinyarsa ta dama ta lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Aka kira Maijidda ta zo a guje ba mayafi. Wani maɗori da ke kusa ya duba ya girgiza kai ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, a yi asibiti. Alu da manoma suka zubar da buhunan ƙasa, aka shimfiɗa tabarma a bayan mota, aka kwantar da Shitu. Maijidda ta zauna ta riƙe ƙafar. Alu ya tayar da mota.

To, ita irin wannan taya, in da kaya a kanta tana ɗan lafawa. In babu kaya kuwa, mota rawa take yi a kan hanya kamar an saki ɗan maraƙi. Alu yana tafiya a hankali iya yinsa, amma duk tsakuwar da aka taka sai ƙasusuwan nan biyu su gogi juna.

Shitu ya kurma ihu. "Alu! Kashe ni za ka yi? Tsaya!"

Alu ya tsaya. "Yaya, wallahi a giya ta ɗaya nake."

"Rage iskar! Rage wa tayoyin iska!"

Alu ya sa tsinke ya rage. Aka sake tashi. Babu abin da ya canja, don kaurin tayar ne ba iskar kaɗai ba. Ba a yi nisa ba Shitu ya suma, ya farfaɗo, ya yi amai, ya ce a tsaya, shi ba zai ƙara ko taku ɗaya a motar nan ba. Suka tsaya a tsakiyar hanya, rana tana dukansu, cinya tana ƙara kumbura.

Suna nan sai ga shuɗiyar mota ta taho cike da 'yan kasuwa. Baballe ya yi hon, ya leƙo.

"Yau kuma wace lalacewar ce? Ku ba ni hanya."

Maijidda ta diro ta riƙe ƙofar motarsa tana kuka.

"Malam Baballe, don Allah don Annabi. Ya faɗo daga kan lodi, cinyarsa ta karye. Ba ya ɗaukuwa a motar nan. Ka taimaka."

Baballe ya sauko ya leƙa bayan farar motar. Ya daɗe yana kallon taubashinsa kwance cikin gumi da amai. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya juya.

Shitu ya buɗe ido, ya ce da muryar da ta dushe, "Maijidda, sake masa mota. Ko mutuwa zan yi, ba zan hau ta ba."

"Kin ji ko?" in ji Baballe. "Ni ma ban ce zan ɗauka ba. Akwai ɗorawa a gaba kaɗan, inuwarta da sanyi. Ku kwantar da shi a can, mun san wurin."

Daga bayan mota wata mata ta ce, "Alhaki ne!" Wani ya ce, "Mu tafi, kasuwa tana ci." Baballe ya shiga ya sa giya.

"Kashe motar nan," in ji Gwaggo Talatu.

"Inna..."

"Na ce ka kashe."

Ya kashe. Ta kwance igiyar ƙofa, ta sauko da ƙyar, ta dogara sandarta har bayan farar motar. Shitu ya ga fuskarta a kansa, ya kawar da kai.

Ta juya ga fasinjoji. "Ku sauko."

Wani mai buhun barkono ya ce, "Haba Inna, don wannan? Ni wallahi ba zan sauka ba. Mutumin da ya zagi ubana a kan hanyar nan?"

"Ni ya karya," in ji ta. "In akwai wanda ya fi ni ciwo a cikinku, ya zauna."

Ramlatu ce ta fara sauke ƙwaryarta. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko, wasu suna tsaki, mai barkono yana ƙunƙuni har ƙasa. Alu ya ce zai kai su kasuwa a farar motar, da yawa suka ce sun gode, za su taka.

Aka ciro katakon da mata ke zama a kai, aka zura a ƙarƙashin Shitu, aka ɗaure ƙafar da rawani, aka ɗauke shi zuwa kan buhunan ƙaiƙayi. Bai ƙara cewa ba zai hau ba. Maijidda ta riƙe ƙafa. Gwaggo Talatu ta ce a ɗora ta a baya ita ma, ta zauna ta tallafe kansa don kada ya bugu.

Baballe ya ja mota kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowane rami sai ya kusan tsayawa, ya saka taya ɗaya, ya fitar, sannan ya saka ɗaya. Tayoyin suna lotsawa suna shanye abin da ya rage. Bakinsa kuwa bai huta ba. Ta tagar baya ake jin sa.

"Ga akurkin kaji nan, ka shiga! Mutumin banza! Wallahi ba don Inna ba, ko ungulu ce ke cin ka ba zan tsaya ba!"

Yana zagi yana kauce wa duwatsu. Zafin yana nan, amma Shitu ya daina ihu. Hawaye ne kawai ke gangarowa ta gefen idonsa suna jiƙa zanen tsohuwar.

A asibitin Rano aka yi masa allura, aka ɗaure ƙafar da kyau, aka ce karayar sai asibitin ƙashi a Kano. Baballe ya ce, "To, ni nan na tsaya. Ku nemi wata motar." Mahaifiyarsa ta ƙi saukowa daga bayan mota. Ya tsaya yana huci, aka mayar da Shitu bayan mota, ya shiga ya buga ƙofa, ya kama hanyar Kano.

Bayan la'asar aka karɓi Shitu. Da za a shiga da shi, ya kama bakin mayafin Gwaggo.

"Gwaggo, ni ban san da wane baki..."

"Riƙe godiyarka," ta ce. "Ba don kai na yi ba. Ƙanena na duba, wanda ke kwance a kabari. Ban san me zan ce masa ba in na bar ɗansa a hanya."

Ta zare mayafinta ta fita.

Shitu ya daɗe a asibiti, aka sa masa ƙarfe a cinya. Ya dawo gida yana ɗingishi, ƙafar ba ta jure taka birki, sai Alu ya karɓi tuƙi shi yana zama a gefe. Aikin farko da ya sa Alu shi ne ya kai mota wurin Ramalan a cire baƙaƙen tayoyin nan a sa masu laushi. Ya sa aka yi benci mai katifa kusa da kan mota. Ya daina jibga lodi.

Amma mutane ba su dawo ba. Wanda ya rasa wuri a motar Baballe ne kawai yake hawa, shi ma fuska a ɗaure. Shitu ya riƙa yi wa Baballe sallama a masallaci, Baballe ya amsa a taƙaice ya wuce. Wasan taubasai kam bai ƙara shiga tsakaninsu ba.

Shitu ya je gidan Gwaggo ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo ya nemi gafara. Ta ce ta yafe. Daga nan duk ranar kasuwa sai ya sa Alu ya tsaya a ƙofar gidanta, ya sauko ya buɗe mata ƙofar gaba. Ita kuma ta fito a sunkuye, ta amsa gaisuwarsa, ta wuce motar ɗanta.

Wata rana motar Baballe ta kwana a wurin bakanike. Shitu ya zo ya buɗe ƙofa kamar kullum, yana murna a ransa. Gwaggo ta fito ta dubi motar, ta dubi sababbin tayoyin, sannan ta kira jikarta ta ce a mayar da gwangwanayen ɗaki, yau ba ta zuwa kasuwa.

Shitu ya ce, "Gwaggo, ba kin ce kin yafe mini ba?"

"Na yafe maka, Shitu, har ga Allah. Zuciyata ba ta riƙe ka da komai ba." Ta dafa ƙugunta. "Amma shi wannan bai san yafiya ba. Abin da ya ji kawai ya sani."

Ta juya ta shige gida a hankali. Shitu ya tsaya riƙe da ƙofar mota a buɗe, har Alu ya ce, "Yaya, mu tafi, rana tana yi."

Darasi: Duk abin da za ka zaɓa, ko da tayar mota ce, ka tuna da waɗanda za su ji shi a jikinsu, ba ribarka kaɗai ba. Kada ka wulaƙanta mutane don ka ga ba su da wata mafita sai kai, domin Allah yana iya buɗe musu wata ƙofar, ya kuma mayar da kai mai neman taimakonsu. Sannan ka sani, ana iya yafe maka cuta, amma ba kowace ɓarna ce take gyaruwa ba. Ka tura wannan labari ga direbobi da masu motocin haya da ka sani, da duk wanda Allah ya ɗora wa ɗaukar jama'a, ko wani zai gyara tun kafin ya makara.